Gatarin Lemuel da Tuffar Keziya

Bara jikokin yayana suka haɗa kai suka kafa masa dutse a mararrabar garinmu, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar tuffar nan da ke gefen rijiya. Suka sa aka sassaƙa a jikinsa: "Kyaftin Lemuel Harkin, wanda ya fara zama a kwarin nan, ya tsare shi da bindigarsa, ya dasa gonar tuffa ta farko." Ranar bikin aka ɗauko ni a kujera kamar kayan gado aka ajiye a gaba, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi ido da ido. Mai wa'azi ya yi jawabi har da hawaye. Ni kuwa na yi ta tari, suka ɗauka tsufa ne, har wata yarinya ta kawo mini ruwa. Dariya nake haɗiyewa.

Ni ne Silas, ƙanen Lemuel, uwa ɗaya uba ɗaya. Maƙeri ne ni, na kuma bi shi duk inda ya sa ƙafa, don inda ake saran daji nan maƙeri yake samun tuwonsa. Saboda haka na san abin da ke kan dutsen nan kalma kalma. Fara zama a kwarin gaskiya ne, sai dai ba wanda ya kai shi ɗokin barinsa. Kyaftin kuwa bai taɓa zama ba, ko na yini guda. Zancen tuffa shi ne ya hana ni yin shiru.

Lemuel dogo ne mai faffaɗan ƙirji, da murya irin ta mai kiran shanu a ƙetaren kogi. Yana da rigar farauta mai geza wadda yake ji da ita fiye da 'ya'yansa. In ka gan shi tsaye riƙe da bindiga sai ka ce sarkin yaƙi ne. In ka ba shi fartanya kuma, nan take bayansa zai fara ciwo. Abu guda Allah ya ba shi, ban kuwa taɓa hana shi ba: hannun gatari.

A lokacin da muka ƙetaro duwatsu zuwa yamma, gatari shi ne takardar ƙasa. Mutum ya sami idon ruwa mai kyau, sai ya zagaye iyakar da ransa yake so yana saran alamarsa a jikin bishiyoyi. Shi ke nan wuri ya zama nasa, haƙƙin gatari muke ce masa, yana iya zama yana iya sayarwa. Ba wanda ya tambayi mutanen ƙabilar Shawani, 'yan asalin wurin da muka tarar a ƙasar, kamar su ba su da idon ganin abin da ake yi wa dajinsu. Alamar Lemuel sara uku ne a jere, da guda a gicciye ƙasansu. Ya buga ta a kan bishiyoyin kwari uku, har ta zame masa ciwo. Ko bawali ya tsaya yi a gindin itace, sai ya bar masa sara uku da gicciye kafin ya wuce.

Sai kuma zobe. Ba mai ƙarfin kayar da manyan bishiyoyin dajin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake yi, a sassaƙe ɓawon a zagaye, faɗin tafin hannu. Bishiya tana nan tsaye, wani lokaci ma ta ƙarasa shekarar da ganyenta kamar ba abin da ya same ta, amma ta riga ta mutu. Baɗi ba za ta yi toho ba, rana ta sauko ƙasa, a shuka masara a tsakanin gawawwakin. A wannan aiki Lemuel ba shi da na biyu. Shuka masarar kuwa, da nomanta, da korar tsuntsu, wannan aikin Keziya ne.

Keziya matarsa ce, gajeruwa, ba ta da yawan magana. Ubanta mai gonar tuffa ne a gabas, ta tashi cikin ƙamshinta. Tun ranar da ta bi Lemuel zuwa daji tana da wata safar ulu da take ratayewa kusa da ƙofa. Tuffa ba ta cika zuwa hannunmu ba, sai in fatake sun kawo 'yan busassu ko wani baƙo ya ciro guda daga jakarsa. Amma duk wadda Keziya ta samu, in ta ci sai ta tofa ƙwayoyin a tafinta, ta naɗe su da ɗanyen gansakuka, ta zura a safa. Duk inda muka sauka, kafin a gama rufin ɗaki ta shuka su. Ba ta nemi rigar siliki ba, ba ta nemi tagar gilashi ba. Abu ɗaya take so a duniya, ta ci tuffar bishiyar da ta shuka da hannunta. Tuffa daga ƙwaya kuwa sai ta shekara bakwai ko takwas kafin ta yi ɗa.

Zaman farko, bishiyoyinta sun kai gwiwa, sai ga Lemuel ya sauko daga tudu fuska a murtuke.

"Keziya, ɗaure kaya. Na ga hayaƙi."

"Namu ne, Maigida. Yanzu na hura wuta."

"Namu daga bayan tudu yake tashi? Wasu sun sauka. Yau hayaƙi, gobe shanunsu a masarata, jibi lauya a ƙofar gida. Ni ba zan zauna a kasuwa ba."

Kasuwa! Sai ka hau tudu ranar da gari ya yi garau kafin ka hango hayaƙin. Ya sayar da wurin a kan bindiga mai dogon baki, muka yi gaba.

Zama na biyu bishiyoyin sun kai ƙirji. Can muka binne 'yarsu Tabita, zazzaɓi ya ɗauke ta tana koyon magana. Keziya ta shuka tuffa guda a wajen kan kabarin. Shekara na zagayowa Lemuel ya ji ƙarar gatarin da ba nasa ba, ya musanya gida da gona da kabarin 'yarsa da godiya mai farin goshi. Ranar tashi na ga Keziya ta tsaya a bakin kabarin ta daɗe. Da ta dawo ta sauke safarta daga ƙusa ta cusa a ƙirji. Ni dai tun ranar nan na daina ganin girman yayana.

Zama na uku ma haka. Bayan shekaru wani mai jakuna ya kwana gidanmu yana ba da labarin hanya, ya ce, "Kai, akwai wata gona a baya, tsohon wurin wani Harkin, tuffarta har rassa na karyewa. Mai wurin yanzu ya yi ƙiba da ita." Lemuel ya bugi ƙirji ya ce ai shi ne Harkin ɗin. Keziya ta tambayi baƙon ko mai zaƙi ce. Ya ce bai kula ba, ya dai ci.

To, ga kuma aikin soja, wanda saboda shi aka rubuta bindiga a kan dutse. Doka ce duk namijin da ya isa ɗaukar makami yana cikin dakarun yankinsa. Ba albashi, ba kaki. Lokaci lokaci a buga ganga a taru a fili a yi fareti. Rabinmu ba takalmi, wasu ma da karan masara suke zuwa a maimakon bindiga, a ce juya dama su juya hagu su yi karo da juna. Kafin azahar an fasa duron giyar wuski, kafin la'asar an fasa hancin wani. Ga sauran mutane wahala ce da ake yi don dole. Ga Lemuel kuwa ranar salla ce. Tun asuba yake taje gezar rigarsa. Kuma abin mamaki, kiran yaƙi bai taɓa samunsa da hunturu ba, lokacin da ba aiki. Kullum sai masara ta isa noma zai ji ƙasa tana bukatarsa.

Yaƙi na gaske sau ɗaya ya je, ni ma ina ciki, ina gyaran takalman dawakai. Muka ƙetare kogin Ohayo muka yi ta kutsawa cikin daji, sauro na cin rabonsa, har muka isa wani garin Shawani. Sun ji zuwanmu tun muna nesa, don jaki ma ya fi mu iya tafiya shiru. Muka tarar ba kowa, sai toka mai ɗumi da wata tsohuwar karya. Aka sa wa masararsu wuta. A bayan garin kuwa akwai gonar tuffa, tsofaffin bishiyoyi, ƙila kakanninsu suka shuka, 'ya'ya sun yi nauyi har an tokare rassan da sanduna. Kyaftin ɗinmu na lokacin ya ce a kashe su, don kada mutanen su sami abin dawowa dominsa.

Nan Lemuel ya sami yaƙin da ya dace da shi, abokin gaba da ba ya gudu ba ya ramawa. Ya tuɓe riga ya shiga yi musu zobe ɗaya bayan ɗaya, kowace kuma sai ya bar mata sara uku da gicciye, wai don Shawani su san wanda ya zo. A ta ƙarshe gatarin ya zame ya sare shi a ƙwauri. Wannan shi ne raunin yaƙin da ya yi ta ɗage wando yana nuna wa yara. A bakinsa dai ya zama mashin wani basarake mai tsawon ƙofa.

Da muka dawo ya zauna bakin murhu yana zuba, maƙwabta sun cika ɗaki. Keziya na juya tuwon masara. Da ya zo kan gonar sai ta tsaya da muciya a hannu.

"Suna da 'ya'ya?"

"'Ya'ya? Ke dai bari! Ban taɓa ganin irinsu ba. Ko guda ban bari da rai ba."

Ta ajiye muciyar ta fita. Tuwon ya ƙone, Lemuel ya ce mata ba su san darajar namiji ba.

Wannan sara a ƙwauri shi ya yi wa Keziya alherin da mijinta bai taɓa yi mata ba. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi ta ruwa, ga shi kuma a shekarun nan Shawani sun rama abin da aka yi musu, ba mai iya kutsawa yamma da iyali. Dole muka zauna a kwarin nan, zama na huɗu. Bishiyoyin Keziya suka wuce gwiwa, suka wuce ƙirji, suka wuce kanta. Tana kewaye su da ƙaya saboda barewa, tana naɗe gindinsu saboda zomo da hunturu, ita da babban ɗansu Gidiyon. Mutane suka yi ta sauka. Wani Bajamushe, Kaspar Lutz, ya kafa injin niƙa a bakin rafi. Aka share hanyar keken shanu. Lemuel ya tashi da safe ya ga hayaƙi ta kowace kusurwa, ya riƙa yawo kamar kare mai ƙuma.

Sai wata bazara bishiyoyin suka yi fure. Na zo wucewa na tarar da Keziya tsaye a tsakiyarsu, fararen furanni a gashinta, tana dariya ita kaɗai.

Na ce, "Matar yaya, lafiya? Ko an yi miki kishiya da ƙudan zuma ne?"

Ta ce, "Tafi can, baƙin maƙeri. Zo ka shinshina. Haka gidan babana yake."

Tunda na san ta ban taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ran nan.

A wannan bazarar ce ƙafar Lemuel ta warke, a ita ce kuma labari ya zo cewa za a buɗe ƙasar ƙetaren kogi. Ya ƙulla shirinsa. Kyaftin ɗinmu ya tsufa, da kaka za a zaɓi sabo. In Lemuel ya ci, zai ja rabin dakarun da iyalansu zuwa ƙetare, ya zama shi ne uban sabon gari. Ina gidan ranar da ya faɗa mata.

"Keziya, bana ce ta ƙarshe a nan. Bayan zaɓe za mu ƙetare."

"A sauka lafiya."

"Me kika ce?"

"Na ce a sauka lafiya, Maigida. Na bi ka sau uku. Na bar bishiyoyi wuri uku, na bar Tabita. Waɗannan sun yi fure. Ba inda za ni."

"Saboda itace? Itace ya fi mijinki?"

"Itace yana zama inda aka ajiye shi."

Ya yi tsawa, ya buga tebur, ya kawo ayar da ta ce mace ta bi mijinta, wadda ita kaɗai ya haddace a littafin duka. Keziya ta ci gaba da ɓare wake. Mutumin da yake son ya jagoranci iyalai kuwa ba zai fara da cewa tasa matar ta ƙi binsa ba, dariya za a yi masa. Ya sani, mu ma mun sani.

Bayan furanni sun zube, 'ya'yan sun kai girman ƙwan zabo, wani mai wa'azi mai yawo ya iso kwarin. Ranar Lahadi kowa ya tafi rumfar Kaspar Lutz saurare. Lemuel ya ce ƙafarsa ta motsa, zai kwanta. Muna tsakiyar waƙa sai muka ji harbi, sai ga shi ya shigo a guje, ɗingishin ma ya manta da shi.

"Shawani! Sun shigo har gonata, sun yi wa tuffa zobe! Na harbi ɗaya, sun gudu da shi!"

Wuri ya hargitse. Mata suka kwashi yara zuwa cikin shingen gungume da muke fakewa, maza suka bazu daji. Ba sawu, ba jini, ba ko karyayyen reshe. Ba a taɓa kaza ba, ba a taɓa godiyar da ke ɗaure a fili ba. Wai mayaƙa sun yi tafiyar kwanaki, sun bar doki, sun zo kan tuffa. Amma tsoro ba ya barin mutum ya yi lissafi, kowa ya ce ramuwar gonarsu suka zo yi.

Ni da Keziya muka shiga gonar. Kowace bishiya an yi mata zobe, fari fat, ruwanta na tsatsafowa. Aiki mai tsabta, faɗin tafin hannu, ba sara ko ɗaya da ya kauce. Na san hannun tun kafin in ga sauran. A ta ƙarshe, can kusa da shinge, sama da zoben kaɗan, ga sara uku a jere da guda a gicciye. An ɗan kankare gefensa, alamar mai shi ya farga ya fara gogewa, sai kuma gaggawa ta hana shi ƙarasawa. Hannunsa ya riga kansa, kamar kullum.

Na juya zan fita. Na ce, "Wallahi yau sai na fasa masa kai da guduma."

Keziya ta riƙe mini hannu. Idonta a bushe, ni na fi ta kusa da kuka.

"Silas, bishiyar da aka yi wa zobe tana ƙarasa 'ya'yan da ta ɗauka?"

"Sau da yawa tana ƙarasawa. Amma baɗi..."

"Ban tambaye ka baɗi ba. Ka rufe bakinka, ka bar su su nuna."

Ta kwaɓa yumɓu da kashin shanu ta shafe kowane zobe, ta naɗe da tsumma. Ta ƙarshen ta naɗe ta har sama. Lemuel ya leƙo ya ga an rufe, hankalinsa ya kwanta. Har ya dafa kafaɗarta a gaban mutane yana cewa, "Ki yi haƙuri, uwar Gidiyon. Kin ga abin da nake faɗa, wurin nan ba na zama ba ne. A ƙetare zan share miki wadda ta fi ta." Duk daminar nan ta dafa masa abinci, ta wanke masa rigar geza. Shi kuwa ya bi gida gida da labarin harin, mayaƙan suna ƙaruwa a kowace ƙofa. A gidan Lutz biyar ne, kafin ya kai ƙarshen kwari sun zama runduna.

Bishiyoyin suka yi 'ya'ya kamar sun san ba za su sake ba. Rassa suka sunkuya har ƙasa.

Ranar zaɓe aka taru a filin fareti, wanda shinge kawai ya raba shi da gonar. Yadda muke yi ba wuya. Masu nema su tsaya nesa da juna, a buga ganga, kowane soja ya je ya tsaya bayan wanda yake so, a duba layin da ya fi tsawo. Masu nema biyu ne, Lemuel da Kaspar Lutz, mutumin da garin niƙa ya yi wa fari har gira, wanda in ya ce "juya dama" sai ka ɗauka addu'a yake. Ba wanda ya zaci zai sami ko mutum goma. Lemuel ya sayar da saniya ya sayi duron wuski, kowa ya sha ya gode. Sannan ya hau kututture.

"'Yan'uwa! Abokan gaba sun zo har ƙofar ɗakina! Sun kashe wahalar matata, baiwar Allah, ga gonar can kuna gani! Wa ya tsaya musu shi kaɗai da ƙafa ɗaya?"

Aka yi ta ihu ana jefa huluna sama. Mai ganga ya ɗaga sanda ke nan sai muryar Keziya ta fito daga bakin shinge. Ba ta ɗaga ta ba, amma da yake ba a saba jin mace a filin fareti ba, kowa ya juya.

"Jama'a, kafin ku tsaya bayan kowa, ku zo ku ga aikin abokan gaban da idonku. Ku tsinki tuffa kuma, ta nuna."

Wa zai ƙi tuffa kyauta? Suka tsallake shinge suka cika gonar. Lemuel ya biyo su yana cewa a bari sai an gama, ba wanda ya saurare shi. Keziya ta je gindin ta ƙarshe ta warware tsumman a hankali, ta ɓamɓare busasshen yumɓun da yatsa, ta koma gefe.

Kowa ya zuba wa saran ido. Ba namiji a filin nan da bai san alamar ba. Wasu a kan iyakar gonarsu take, wasu kuwa suna tsaye a garin Shawani ranar da aka buga ta.

Tsoho Duncan, wanda ya fi kowa shekaru a dakarun, ya matso ya sa yatsa a cikin saran ya ƙirga. Ya juyo yana taunar tuffa.

"Lemuel, ashe Shawani ma a wurinka suka koyi rubutu?"

"Sharri ne! Kwaikwayo suka yi don su ɓata ni!"

"To, wanda ka harba fa? Ko shi ma zobe ka yi masa, sai baɗi zai faɗi?"

Dariya ta ɓarke, amma ba ta daɗe ba. Manoma ne su, sun san shekarun da ke cikin bishiyar tuffa. Sun kuma tuna matansu masu ciki da suka yi gudu zuwa shinge ranar Lahadin nan. Wani ya zubar da sauran wuskinsa a ƙasa. Aka koma fili aka buga ganga. Lemuel ya tsaya a wurinsa da rigar geza, ƙirji a gaba, bai waiwaya ba. Mutane suka yi ta wucewa ta gabansa zuwa bayan Kaspar Lutz, wanda ya rasa inda zai sa hannuwansa don kunya. Na ƙarshe Gidiyon ne, shekarar ce ta farko da ya shiga dakaru. Ya tsaya gaban ubansa kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Da Lemuel ya waiwaya, ba kowa a bayansa sai duron da ya saya, shi ma ba komai a ciki.

Wannan shi ne kyaftin ɗin da ke kan dutse.

Bai iya zama ba bayan haka, yara ma in sun gan shi sai su yi sara uku da gicciye a iska. Kafin sanyi ya sauko ya ɗaura wa godiyarsa sirdi. Daga baya muka ji ya mutu a ƙetare, wasu sun ce zazzaɓi, wasu sun ce busasshen reshe ne ya faɗo masa a gonar da ya yi wa zobe. Ba wanda ya san kabarinsa. Jikokin da suka kafa dutsen ba su san shi ba, sun dai tashi sun ga kowane gida mai kuɗi yana da kakan da ya yi yaƙi, su ma suka nemo nasu.

Safiyar tafiyarsa ina wurin, na zo ɗaure wa godiyar takalmi, don in tabbata ba abin da zai dawo da shi daga hanya. Keziya na tsaye bakin rijiya. Duk kakar nan ta raba tuffa ga kowa, ta shanya, ta matse, amma ban ga ta kai ko guda bakinta ba. Ran nan ta tsinko ɗaya, ja, ta goge a zanenta. Lemuel ya ja linzami ya tsaya a gabanta.

"Keziya, tayi na ƙarshe ke nan. Bishiyoyin nan matattu ne, kin sani. Me ya rage miki a nan? Ɗauko safarki mu tafi."

Ta gatsa tuffar. Na ga fuskarta ta yamutse.

Na ce, "Yaya, matar yaya? Da zaƙi?"

Ta ce, "Tsami kamar me." Ta sake gatsa.

Ta cinye ta tas a tsaye, tana kallonsa, shi kuma yana jira a kan doki. Da ta zo kan ƙwayoyin, na ga hannunta ya taso zuwa baki yadda ya saba shekara da shekaru. Sai ta mayar da shi. Ta tofa su a ƙasa, nan gefen rijiya, ta sa diddige ta danna su cikin laka.

Lemuel ya kalli wurin, ya kalle ta, ya juya godiyarsa.

Baɗi gonar ba ta yi toho ba. Amma gefen rijiya wani ɗan tsiro ya fito, Keziya ta kewaye shi da ƙaya. Ta rayu har ta ci 'ya'yansa shekaru da yawa, da tsaminsu da komai. Ita ce bishiyar da suka zaɓa suka kafa dutsen a inuwarta, ba su kuwa sa sunan Keziya ko a gefe ba. Bana da kaka na sa an kai ni na duba. Ruɓaɓɓun tuffa sun zubo sun rufe "Kyaftin" gaba ɗaya, ƙudaje na bi. Wani jikan ya ce bari ya samo tsintsiya, na ce ya bar shi haka.